Villa, Torres ko Raul: Wa Ya Fi Yi Wa Sifaniya Aiki a Gaba?

Tambaya: A majalisarmu musu ya kaure kan wane ne ɗan wasan gaban da ya fi kowa a tarihin Sifaniya. Wasu sun ce Raul, mafi yawa sun ce Fernando Torres. Ni kuma na ga an rubuta cewa David Villa ne ya fi kowa ci wa ƙasar ƙwallo. In haka ne, me ya sa ba a jin sunansa kamar nasu?

Amsa: Malam, abin da ka gani an rubuta gaskiya ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Villa ya buga wa Sifaniya wasa 98 ya ci ƙwallo 59. Raul ya buga 102 ya ci 44. Torres ya fi su duka yawan wasa, 110, amma ƙwallonsa 38. In ka raba, Villa yana cin ƙwallo 6 a kowane wasa 10, Raul 4 da ɗoriya, Torres 3 da rabi. A Kofin Duniya ma Villa ne ke gaba a 'yan ƙasarsa da ƙwallo 9, waɗanda ya ci a gasa uku: 2006, 2010 da 2014. Don haka in ana maganar rigar ƙasa, ni a wurina musun ya ƙare tun kafin a fara, Villa ne. In kuma aka koma maganar kulob, to nan Raul yana da bakin magana, zan zo kansa.

Amma lissafi kaɗai ba ya kashe musu a majalisa, don wani zai ce ai a wasannin sada zumunta da ƙananan ƙasashe ya tara su. Wanda ya faɗi haka, ka mayar da shi Afirka ta Kudu, 2010.

Sifaniya ta ɗauki kofin nan da ƙwallo 8 kacal a wasa 7. Ba a taɓa samun ƙasar da ta ci Kofin Duniya da ƙwallo kaɗan haka ba. A cikin takwas ɗin nan Villa ya ci 5, ya kuma bai wa Iniesta ɗaya ya ci. Ragowar biyun su ne wadda Puyol ya sa da ka a ragar Jamus da ta Iniesta a wasan ƙarshe. Kuma ka duba lokacin da ƙwallayen suka zo. Wasan farko Suwizalan ta doke Sifaniya 1-0, hankali ya tashi, domin in aka sake yin tuntuɓe sai gida. Da Honduras, Villa ya ɗauko ƙwallo daga gefen hagu, ya ratsa tsakanin 'yan baya, yana cikin faɗuwa ya ɗaɗa ta can saman raga. Ya ƙara ta biyu bayan hutu, ya kuma zubar da fanareti, da ya ci uku ranar. Da Chile, gola Claudio Bravo ya fito nesa da gidansa ya share ƙwallo daga gaban Torres, ta faɗo wurin Villa kusa da layin gefe, wajen mita 40 daga raga. Bai tsayar da ita ba, ya murɗa ta da ƙafar hagu ta shiga gidan da babu kowa. Mutum na iya cewa ai raga a buɗe take, amma wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san irin wuyar bugu ɗaya daga wannan nisa, a kan ƙwallon da ke gudu, da ƙafar da ba ita ce babbar ƙafarka ba.

Daga nan aka shiga zagayen da in an doke ka ka tafi. Da Portugal a Cape Town an kai minti na 63 babu ci, Xavi ya taɓa masa da dunduniya, ya buga, gola Eduardo ya ture, ya bi ya ƙarasa. Aka tashi 1-0. Da Paraguay kuwa wasan ya zama na tashin zuciya: Casillas ya kama fanaretin Cardozo, nan take aka kayar da Villa a ɗaya gidan, Xabi Alonso ya ci aka ce ya sake, ya sake gola ya tare. Sai minti na 83 Pedro ya bugi ƙarfe, ƙwallo ta dawo wurin Villa, ya buga ta daki wannan ƙarfe ta gangara ta daki wancan sannan ta shiga. Nan ma 1-0. Wato daga wasa na biyu har zuwa kwata-fainal, duk ƙwallon da Sifaniya ta ci, ko shi ya ci ko shi ya bayar. Torres a gasar gaba ɗaya bai ci ko ɗaya ba. Ba laifinsa ba ne sosai, an yi masa aiki a gwiwa a watan Afrilun shekarar, ya zo bai gama murmurewa ba, har koci Vicente del Bosque ya ajiye shi a benci a wasan kusa da na ƙarshe ya sa Pedro.

To me ya rage a zukatan mutane daga gasar? Iniesta yana cire riga a minti na 116 bayan ya ci Holan. Villa a lokacin yana benci, an canza shi a ƙarin lokaci, kuma Torres ne ya shiga a madadinsa. Takalmin zinare ma ya kuɓuce masa: shi da Thomas Müller da Sneijder da Forlan kowa ƙwallo 5, aka bai wa Müller saboda ya fi ba da ƙwallo a ci. Villa ya tashi da takalmin azurfa.

Irin wannan ta riga ta same shi shekara biyu kafin nan, a gasar ƙasashen Turai ta 2008. Wasan farko ya zura wa Rasha uku, aka tashi 4-1. Da Sweden ana 1-1 har an cika minti 90, Capdevila ya wurgo doguwar ƙwallo, Villa ya riga ɗan baya, ya yanke shi ya sa ta a kusurwa. Da Italiya aka je bugun fanareti, shi ya fara bugawa ya ci. Sai a wasan kusa da na ƙarshe, da Rasha kuma, ya buga bugun tazara ya ji tsokar cinyarsa ta kama, aka fitar da shi tun ba a je hutu ba. Wasan ƙarshe da Jamus a Vienna bai buga ba. Torres ya tsere wa Philipp Lahm ya ɗaga ƙwallo saman Lehmann, Sifaniya ta ci babban kofi karon farko bayan shekara 44. Villa ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da 4, amma hoton da ake maimaitawa har gobe na Torres ne. A zaɓen gwarzon duniya na shekarar Torres ya zo na uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai shi wannan gardin ya yi aikinsa shi ma, don ƙwallon ta Vienna ba ta banza ba ce.

Wannan shi ne dalili na farko na abin da ka tambaya: gasa biyu a jere shi ya kai su bakin ƙofa, wani ya buɗe.

Na biyu, hanyar da ya biyo. Raul yana shekara 17 ya fara buga wa babbar tawagar Real Madrid. Torres yana 19 aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin a Atletico Madrid. Su biyun tun suna yara jaridun babban birni suka ɗauke su. Villa kuwa an haife shi ranar 3 ga Disamba, 1981, a Tuilla, wani ɗan ƙaramin gari na masu haƙar kwal a yankin Asturias, arewacin Sifaniya, mahaifinsa ma a ramin kwal yake aiki. Yana ɗan shekara 4 ya karye a cinyar dama, kuma a lokacin jinyar ne mahaifin ya riƙa jefa masa ƙwallo yana bugawa da hagu. Ƙwallon da ya ci Chile daga nan ta samo asali. Real Oviedo, ɗaya daga manyan ƙungiyoyi biyu na yankin, ba ta ɗauke shi ba. Sai da ya kai 17 ya shiga Sporting Gijon, wadda a lokacin take rukuni na biyu. Kaka biyu ya yi a babbar tawagarta ya ci ƙwallo 38 a lig. Bai taka filin La Liga ba sai yana gab da cika 22, lokacin da Real Zaragoza ta saye shi a 2003 kan kusan Yuro miliyan 3. A wannan shekarun Raul ya riga ya ɗaga kofin Zakarun Turai.

A Zaragoza bai ɓata lokaci ba, 17 a kakar farko, 15 a ta biyu, har akwai ranar da ya ci Sevilla huɗu shi kaɗai aka tashi 4-4. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wasan ƙarshe na Copa del Rey a watan Maris 2004, da Real Madrid ta Zidane da Figo da Beckham da Roberto Carlos da shi Raul ɗin. Villa ya ci fanareti, Zaragoza ta yi nasara 3-2 a ƙarin lokaci da ƙwallon Galletti. Daga ranar Madrid ta fara zamewa: Monaco ta fitar da ita a Turai, ta kuma rasa wasa biyar na ƙarshe a lig. Kocin Sifaniya Luis Aragones ya kira Villa tawagar ƙasa a Fabrairun 2005, a wasa da San Marino, yana da shekara 23.

Sai Valencia, kuma a ganina a nan ne aka fi zaluntar sunansa. Ta saye shi a 2005 kan Yuro miliyan 12, ya yi kaka biyar, daga shekara 23 zuwa 28, wato tsakiyar ƙarfinsa ke nan. Kakar farko ya ci 25 a lig, Samuel Eto'o ya fi shi da ƙwallo ɗaya tak. A kakar ne ya ci Deportivo daga tsakiyar fili, ya kuma zura wa Athletic Bilbao uku cikin kusan minti biyar a gidansu San Mames. A 2008-09 ya ci 28, ya kamo abin da Mario Kempes da Mijatovic suka taɓa yi wa ƙungiyar, amma a shekarar Forlan ya ci 32, Eto'o 30. Shi ya sa har ya bar Sifaniya bai taɓa ɗaukar kyautar Pichichi ta wanda ya fi cin ƙwallo a lig ba, duk da cewa ta Zarra, wadda ake bai wa ɗan ƙasa da ya fi ci, ya ɗauke ta sau huɗu. Ƙwallayensa a lig da rigar Valencia sun haura 100.

Sai dai Valencia ɗin da ya samu ba ita ce ta Rafa Benitez mai cin lig a 2002 da 2004 ba. Ƙungiya ce da bashi ya fara danne wa. Ta ɗauko ginin sabon filin wasa, kuɗi suka ƙare, aiki ya tsaya a 2009. Koci ya zo ya tafi: Quique Sanchez Flores, Ronald Koeman, Unai Emery. A kakar Koeman sun ci Copa del Rey, amma a lig sai da aka fara lissafin faɗawa rukuni na biyu kafin su ƙare a na 10. Kofin nan shi kaɗai Villa ya ɗauka a shekara biyar. A Zakarun Turai iyakarsu kwata-fainal a 2007, bayan Villa ya ci Inter Milan da bugun tazara a San Siro, sannan Michael Essien ya fitar da su a mintin ƙarshe a Mestalla, gidan Valencia. 'Yan Chelsea na majalisarku za su tuna daren, amma ina shakkar ko sun tuna wa yake gaban Valencia. A bazarar 2009 manyan ƙungiyoyin biyu sun neme shi, ciniki bai faɗa ba, Madrid ta ɗauko Benzema, Barcelona ta ɗauko Ibrahimovic. Sai a Mayun 2010, da matsin kuɗi ya kai maƙura, Valencia ta sayar da shi ga Barcelona kan Yuro miliyan 40, ta kuma sayar da David Silva ga Manchester City a wannan bazarar.

Dalili na uku ya shafe mu nan gida kai tsaye. A shekarun nan, abin da gidajen kallon ƙwallo suka fi nunawa Firimiyar Ingila ce, da yamma, lokacin da kowa ke iya zuwa. La Liga sai dare ya yi, kuma mafi yawa wasan Madrid ko Barcelona ake nema. Torres ya sauka Liverpool a 2007 ya ci 24 a lig a kakarsa ta farko, muna kallo kowane mako yana wahalar da Vidic da ire-irensa. Da Chelsea ta saye shi fam miliyan 50 a Janairun 2011, ko rashin cin ƙwallonsa ma ya zama abin hira da tsokana, kuma tsokana ma suna ce. Ga ƙwallon da ya ci Barcelona a Camp Nou a 2012. Villa bai taɓa buga wa ƙungiyar Ingila ba, an dai yi ta raɗe-raɗin Arsenal a farkon 2013 bai tabbata ba. Mutumin da ke cin 25 a Valencia a wasannin da ba a nuna maka, ba zai zauna a ranka kamar wanda kake gani kowace Asabar ba. Akwai kuma wani ɗan ƙarin abu: Raul ya ci Najeriya a Nantes a 1998, ranar da Sunday Oliseh ya yi wannan bugun aka doke su 3-2, Torres ma ya ci Najeriya a gasar Zakarun Nahiyoyi ta 2013 a Brazil da aka doke mu 3-0. Duka biyun sun taɓa mu a jiki.

A Barcelona ya samu fagen da ya dace da shi, amma da sharaɗi. Pep Guardiola ya riga ya mayar da Messi tsakiya, ya zama shi ne lamba tara mai janyewa baya ya karɓi ƙwallo. Eto'o ya tafi, Ibrahimovic bai jure zama gefe ba shi ma ya tafi bayan kaka ɗaya. Villa, wanda ya zo a matsayin mai cin ƙwallon zakarun duniya, aka ce masa ya tsaya gefen hagu, ya buɗe fili, ya bi ɗan baya in an rasa ƙwallo, ya riƙa kutsawa ta bayan 'yan baya in Messi ya ɗago kai. Ya karɓa. Ƙwallayensa suka ragu zuwa 18 a lig, 23 a duka gasanni, amma dubi inda ya ci su. Ranar 29 ga Nuwamba, 2010, a El Clasico na farko na Mourinho a matsayin kocin Madrid, Barcelona ta lallasa Madrid 5-0, Villa ya ci biyu cikin minti uku, duka Messi ne ya zura masa ta tsakanin 'yan baya, kuma ƙwallon Pedro ma daga bugun Villa ta fito. Ranar 28 ga Mayu, 2011, a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Wembley, Barcelona na gaba 2-1 da Manchester United, Busquets ya ajiye masa a bakin da'ira, ya tsayar, ya lanƙwasa ta can saman kusurwa inda Van der Sar ba zai kai ba. Wannan ita ce ƙwallonsa ta wasan ƙarshe, kuma kyakkyawa ce, sai dai daren na Messi ne, haka ma ƙungiyar gaba ɗaya.

Bari in ɗan tsaya kan yadda yake wasa, don a nan ne bambancinsa da Torres yake. Torres dogo ne, mita 1.86, makaminsa gudu da ƙarfi: ka jefa masa ƙwallo a fili ya yi tsere da ɗan baya. Irin wannan ɗan wasa yana son ƙungiyar da ke kai hari da sauri, shi ya sa shi da Gerrard suka dace. Sifaniyar Xavi da Iniesta kuwa riƙe ƙwallo take yi, abokin hamayya ya ja baya ya cika gidansa da mutum tara, fili ya ƙare. A nan gudun Torres ba shi da inda zai yi aiki, kuma da gwiwa da cinya suka fara damunsa daga 2010, abin da ya rage masa kaɗan ne. Villa gajere ne, 1.75, ba shi da wannan ƙarfin, amma yana bugu da ƙafa biyu ba tare da ya gyara tsayuwa ba. Ɗan baya ba ya iya tura shi ɓangaren da ba ya so, don babu ɓangaren. Yana tsayawa daidai kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, yana wasa da layin satar gida, shi ya sa ake yawan ɗaga masa tuta, kuma bai damu ba, don in ya tsallake sau ɗaya ta wadatar. Yana buga tazara, yana buga fanareti, yana iya faɗawa gefe ya yanko ciki. Ga ƙungiyar da ke samun dama biyu ko uku a wasa a cikin ɗan matsatsin wuri, irinsa ake buƙata.

Masu adawa da shi suna da hujja biyu, kuma ba na raina su. Ta farko, ya yi zamani da 'yan tsakiyar da Sifaniya ba ta taɓa samun irinsu ba, Raul kuwa bai samu wannan gatan ba. Gaskiya ne. Amma Torres ma da su ya yi wasa, har ya fi Villa yawan wasanni da su, ya tashi da ƙarancin ƙwallo 21. Ta biyu, a 2012 Sifaniya ta sake cin kofin Turai babu Villa, har ta doke Italiya 4-0 a wasan ƙarshe. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ka lura da abin da Del Bosque ya yi da ya rasa shi: yana da Torres, yana da Negredo da Llorente, amma a wasan farko da na ƙarshe bai fara da ko ɗaya ba, ya sa Fabregas, ɗan tsakiya, a gaba. Koci ya gwammace ya buga babu ɗan gaba da ya sa wani a gurbin Villa. Torres ya ɗauki takalmin zinaren gasar da ƙwallo 3, kuma ya zama wanda ya ci a wasan ƙarshe na kofin Turai sau biyu, wannan nasa ne babu mai ƙwace masa.

Abin da ya hana Villa zuwa gasar karaya ce. A Disambar 2011, a gasar kulob-kulob ta duniya a Japan, ƙashin ƙaurinsa na hagu ya karye a wasa da Al Sadd ta Katar. Wata takwas ya yi bai buga ba. Ya dawo a Agustan 2012 ya ci Real Sociedad a ranar dawowarsa, ya ci ta uku a daren da Barcelona ta rama wa AC Milan 4-0, ya ɗauki kofin lig karo na biyu da Barcelona, amma saurin farko na fita daga wurin tsayuwa bai dawo kamar da ba. Da Neymar ya iso a 2013, aka sallama shi ga Atletico Madrid kan kuɗin da bai wuce Yuro miliyan 5.1 ba. A ganina wannan yana cikin ciniki mafi arha da aka yi a La Liga. Wasansa na farko a hukumance ya ci Barcelona. Ya zama mataimakin Diego Costa a ƙungiyar Simeone da kowa ke gudu kamar ɗan baya, ya ci 13 a lig, kuma a ranar ƙarshe suka je Camp Nou suka yi 1-1 da kan Godin, suka ɗauki lig na farko tun 1996 a gaban waɗanda suka sayar da shi. Mako guda bayan nan a Lisbon saura ƙiris ya ɗauki Zakarun Turai na biyu, Sergio Ramos ya farke a minti na 93, Madrid ta ci 4-1 a ƙarin lokaci.

Yanzu Raul. In ɗan majalisarku ya ce Raul ne babba saboda abin da ya yi a kulob, kada ka yi masa musu. Ƙwallo 323 a Real Madrid, lig 6, Zakarun Turai 3, ya ci a wasan ƙarshe na 2000 da na 2002, ƙwallo 71 a gasar, Pichichi sau biyu. Villa bai kai nan ba. Amma da rigar ƙasa Raul bai taɓa wuce kwata-fainal ba, kuma abin da ake tunawa shi ne fanaretin da ya ɗaga sama a mintin ƙarshe da Faransa a 2000. Bayan Ireland ta Arewa ta doke Sifaniya 3-2 a Belfast a Satumbar 2006, Aragones ya daina kiransa, jaridun Madrid suka yi ta yaƙi da kocin kusan shekara biyu. Rigar Raul mai lamba 7 Villa aka bai wa, don haka wani kaso na fushin ya sauka kansa, alhali ba shi ya ajiye kowa ba. Akwai magoya bayan Madrid da ba su taɓa yafe masa ba, balle da ya tafi Barcelona. Wannan ma ya rage masa masu yabo a inda ake rubuta labarin ƙwallon Sifaniya. Ya kamo 44 ɗin Raul da fanareti a Glasgow a Oktoban 2010, sannan ranar 25 ga Maris, 2011, a Granada, Jamhuriyar Czech tana gaba 1-0, ya ci biyu aka tashi 2-1, ya wuce.

Ƙarshensa da tawagar bai yi daɗi ba. A Brazil 2014 Del Bosque ya fifita Diego Costa, Villa bai taka fili ba a wasan da Holan ta ci su 5-1 da wanda Chile ta ci su 2-0. Sai da aka riga aka fitar da su aka sa shi da Ostireliya, ya ci da dunduniya, ƙwallonsa ta 59, aka canza shi tun farkon zagaye na biyu ya zauna a benci yana kuka. Koci Julen Lopetegui ya sake kiransa a 2017, a watan Satumba ya shiga 'yan mintunan ƙarshe a wasan da suka doke Italiya 3-0 a Bernabeu, wasa na 98 ke nan.

A lokacin yana Amurka. Shi ne ɗan wasa na farko da New York City ta saya a 2014, kafin ƙungiyar ta fara buga gasa, har ta ba da shi aro Melbourne City ya buga wasa 4. Da yawa daga taurarin Turai hutu suke zuwa yi a can, shi kuwa ya ci 77 a lig cikin kaka huɗu, aka zaɓe shi gwarzon gasar a 2016. Daga nan ya bi Iniesta zuwa Vissel Kobe a Japan, ya ci 13 a lig yana shekara 37, ya yi ritaya ranar 1 ga Janairu, 2020, bayan sun doke Kashima Antlers 2-0 sun ɗauki Kofin Sarkin Japan, kofi na farko a tarihin ƙungiyar.